Bugun zuciyar Baba

Baba ya daɗe yana cewa gabansa na faɗuwa ba gaira ba dalili, mu kuma muna ɗora wa goro laifi. Sai ranar da jiri ya kusa kayar da shi a ƙofar masallaci muka nufi asibiti.

Likita ta kama wuyan hannunsa tana ƙirgawa. Zuciyar babban mutum idan yana hutawa takan buga sau 60 zuwa 100 a minti, bi da bi. Ta Baba kuwa sai ta zabura, ta ɗan tsaya, ta sake zabura. Kafin layin ECG, gwajin da ke zana bugun zuciya a takarda, ya zo kansa abin ya lafa, takarda ta fito lafiya lau, domin ciwon zuwa yake ya tafi. Aka rataya masa ƙaramar na'urar Holter mai naɗar bugun zuciya na tsawon awa 24, aka hana shi wanka. "Ke, haka zan je sallah?" ya tambaye ni, rai a ɓace.

Na'urar ce ta kama ciwon, atrial fibrillation: ɗakunan zuciya na sama suna karkarwa maimakon su matsa sosai. Jini kan kwanta ya yi gudaji, gudajin ya tafi ƙwaƙwalwa. Haɗarin shanyewar ɓarin jiki yakan ninka kusan sau biyar, kuma wannan ya fi tsorata ni.

Yanzu yana shan bisoprolol don rage gudun bugun, da warfarin mai hana jini daskarewa, ana duba jininsa akai-akai da gwajin INR mai auna saurin daskarewar jini. Ba a hana shi miyar alayyahu ba, an dai ce kada ya cika ta yau gobe ya daina, don ganye na rage ƙarfin warfarin.