Albarushi Mai Cin Wuta A Hankali

Shagona ɗaki biyu ne a wani ƙaramin gari a jihar Montana ta Amurka. Ba na sayar da bindiga. Kayan ɗura harsashi nake sayarwa: kwanso, kan harsashi, 'yar hular gindi da allurar bindiga ke bugawa wadda muke kira firaima, sikeli, injin matsewa, da uwa-uba albarushi. A nan doka ta yarda mutum ya ɗura harsashin farautarsa da hannunsa, saɓanin gida Nijeriya. Karatu ya kawo ni, na kama aikin share-share a wurin wani dattijo, da ƙarfinsa ya ƙare ya sayar mini da shagon.

Kakana maharbi ne, da tafin hannu yake auna albarushin adakarsa. Da zai ga abin da nake yi da ya yi dariya, don mu da giren muke awo, giren 7,000 ke yin laba ɗaya, kuma a kan rabin giren sai ka ga manya biyu suna musu har shayinsu ya huce.

Kasuwarmu ta fi ci ne daga Yuli zuwa Satumba, kafin a buɗe farautar elk da bindiga a ƙarshen Oktoba. Elk ƙatuwar dabba ce dangin barewa, namijin ya fi jaki girma nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa daga tsallaken kwari ake hango shi. Shi ya sa masu zuwa wurina yawanci manyan harsasai gare su: .270 Winchester da ya fito a 1925, 7mm Remington Magnum na 1962, .300 Winchester Magnum na 1963. Kuma tambayar kusan kullum ɗaya ce: wane albarushi ne ya fi kowanne jinkirin ci, a ba ni shi.

Sai in ce su zauna tukuna. Albarushin zamani ci yake yi kamar itace a murhu. Akwai mai kama da kara, fuu ya tashi ya mutu. Akwai mai kama da gungumen ƙirya. Girman ƙwayar, da ramin da ke tsakiyarta, da maganin da aka shafa mata a baya, su ke sa wani ya fi wani jinkiri. Kwanso mai faɗin ciki da ƙaramin baki, ga kan harsashi mai nauyi, shi ke son gungume, don iskar da ƙonewar ke haifarwa ta riƙa tura harsashin har ya kai bakin bututu ba tare da matsin ya haura ƙa'ida tun farko ba. Ƙa'idar kuwa ba wasa ba ce: ƙungiyar SAAMI, mai tsara ƙa'idojin bindiga da harsashi a Amurka, ta yanke wa .300 Winchester Magnum iyakar matsi 64,000 psi, wato nauyin laba 64,000 a kan kowane murabba'in inci. Amma ka zuba irin wannan gungumen a ƙaramin kwanso kamar .308, sai ya cika maƙil alhali wutar ba ta kai ko'ina ba, harsashi ya fita a sanyaye, ƙwayoyin da ba su ƙone ba su zube a bututu. Abin da muke nema shi ne wanda zai kusa cika kwanso daidai lokacin da matsi ya kai inda ake so. Rage albarushi mai jinkiri ƙasa da abin da littafin awo na kamfanin albarushi ya fara da shi kuwa, wai don a sassauta dukan kafaɗa, wannan ma haɗari ne na kansa.

A kan kantata jerin albarushi mai jinkiri yana tafiya ne daga H4350, sai H4831, sai H1000 da Retumbo, kowanne ya fi na gabansa jinkiri. Gefe guda ga IMR 7828, ga Reloder 22 da 26, ga N160 da N165 na Vihtavuori daga ƙasar Finlan. H4831 yana da tarihi mai daɗin ji. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Bruce Hodgdon, wanda ya kafa kamfanin Hodgdon mai albarushin H, ya fara sayen rarar albarushin soja a 1947 yana sayarwa, kuma asalin 4831 na harsashin igwa mai milimita 20 ne. Yau a Ostireliya ake yin sa. Ni nau'in SC nake so, mai gajerun ƙwayoyi, don dogayen kan maƙale a ma'auni, kana juya hannu kana jin ƙaras-ƙaras yana yanka su.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne yanayi. Mutum zai gwada harsashinsa a Yuli yana gumi, ya je daji a Nuwamba dusar ƙanƙara har gwiwa. Wani albarushin, sanyi na rage masa gudu sosai, sai harbin nesa ya faɗi ƙasa da inda aka saita. Reloder 22 yana ba da gudu mai kyau, amma an san shi da bin yanayi, don haka mai farautar hunturu nakan karkata shi wajen H4831 ko H1000, ko da zai rasa ɗan gudu kaɗan. Elk bai san bambancin ba.

Akwai kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. A 2021 albarushi ya yi ƙarancin da ban taɓa gani ba, kanta ta zama wayam, in kwali ya iso kafin azahar ya ƙare. Wani tsohon abokin ciniki ya zo neman H4831 don .270 ɗinsa. Babu. Na ce akwai IMR 4831, ya ce ai duk ɗaya ne, ya biya ya fita, layi na jira a bayansa, ni kuma na yi shiru. Ba ɗaya ba ne. Lambar ce kawai ta zo ɗaya. Na IMR ya fi saurin ci, kowanne da shafinsa a littafi. Ya je ya auna adadin da ya saba shekara da shekaru.

Bayan kwana huɗu ya dawo ya ajiye mini kwanso ɗaya a kan kanta, bai ce komai ba. Na ɗaga shi wajen fitila. Firaimar ta baje ta shafe kamar an goge ta da dutsen guga, gindin kwanson da wani ɗan tabo mai sheƙi inda tagulla ta kutsa cikin ramin sakatar bindigar. Ya ce sai da ya sa guntun katako ya doki hannun sakatar kafin ta buɗe. Allah ya tsare, harbi ɗaya ya yi ya tsaya. Muka zauna ni da shi muka zare kawunan sauran harsasai 39 ɗaya bayan ɗaya, muka juye albarushin.

Tun ranar na raba su: na H a bango ɗaya, na IMR a ɗaya bangon, duk da cewa tun 2003 kamfani ɗaya ke da su. Kuma ba na faɗa wa kowa adadi da baki, ko da ɗan'uwana ne. Littafin kamfanin nake buɗe maka, in sa yatsa a kan layin farawa, ka kwafa da hannunka, ka hau a hankali kana duba kowane kwanso. Ko sabon bugu na albarushi iri ɗaya ka saya, ka ɗan koma baya ka sake hawa. Shi ya sa mai hali nake ce masa ya ɗauki jarkar laba 8 ya huta, maimakon gwangwanin laba ɗaya-ɗaya daga bugu daban-daban.

Kwanson nan yana nan cikin wata 'yar kwalba kusa da akwatin kuɗi. Makon jiya wani saurayi da ya sayi sabuwar 7mm ya tambaye ni na mene ne. Na juye masa shi a tafin hannu, na miƙa masa gilashin ƙara girma, na tafi ɗauko masa littafi.