Turmin atamfata da aka yanka gida 24

Har yau idan na tuna sai in ji abu ya tokare mini ƙirji. Turmin atamfa ne, 'yar Holan ta gaske, shuɗiya mai ratsin ruwan goro, cikin waɗanda Umma ta ware da hannunta daga lefena ta ce kada in kai wa tela sai babban sha'ani ya taso. Shi na ɗauka na ba wata tsohuwar Baturiya kyautar ƙarshen shekara. A gabana ta shimfiɗa shi kan tebur, ta ɗora rula, ta yayyanka shi gida 24.

Garin da muke sunansa Paduka, a jihar Kentaki ta Amurka, daidai inda kogin Tenesi ya faɗa cikin kogin Ohayo. Aikin asibiti ne ya kawo Abban yara, ni kuma aure ya kawo ni. Mutanen garin ba su kai dubu 30 ba, amma a kan bargon ƙyallaye duniya ta san da su. Suna da gidan tarihi guda na barguna zalla, an buɗe shi a 1991, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta saka garin cikin biranen da suka yi fice a sana'ar hannu. Duk watan Afrilu mata kan cika garin daga jihohi daban-daban, su zo kallon bargo da sayen yadi. Ranar da na fara shiga gidan tarihin nan na ga an rataye bargo a bango, an haska masa fitila, an hana taɓawa, dariya ce ta kusa kuɓuce mini. Abin da telan layinmu a Kano yake sharewa ya zuba a buhu, shi ne nan ake biyan kuɗi a kalla.

Maƙwabciyata ce ta ja ni cikinsu. Ta hango keken ɗinkina ta taga, ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ta girmi Umma, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna can wasu jihohi, sai waya. Duk Talata ƙawayenta kan taru a ɗakinta na ƙasa, kowa da jakar ƙyallayenta. Na bi su ne saboda kaɗaici, ba don son bargo ba. Gidan da za ka wuni ba wanda ya yi maka sallama, ko kiran kallon bargo aka yi maka sai ka amsa. A nan na koyi yadda abin yake: fuskar sama ta ƙyallayen da aka harhaɗa, auduga a tsakiya, yadi a baya, sannan a bi da ɗinki a haɗe su ukun. Bakin kowane ɗinki rubu'in inci ne, ba ƙari ba ragi. In ka kuskure kaɗan, kusurwoyi ba za su haɗu ba, kuma idon tsofaffin nan ba ya barin komai.

Da Disamba ta kama suka ce za a yi musayar kyauta ta Kirsimeti. Aka rubuta sunaye a 'yan takardu aka zuba a kwano, kowa ta zari ɗaya. Maƙwabciyata na zaro. Sai aka ce kada kyauta ta wuce dala 25. Wannan ne ya fara ba ni mamaki. Tun yaushe ake yanka wa kyauta farashi? Abban yara ya ce haƙƙin maƙwabtaka ne, in shiga, amma in tsaya inda suka tsaya. Ni kuwa na dubi matar da ta raka ni asibiti ranar da ƙaramin ya yi zazzaɓi cikin dare, matar da ta koya mini tuƙi a kan ƙanƙara, na ga ba zan miƙa mata zaren dala 25 ba. Na buɗe akwati.

Ranar buɗe kyautar na zauna ina kallon abin da suke ba juna, wallahi ina jin kunya a madadinsu. Wata an ba ta fakitin reza zagayayya ta milimita 45, irin wadda ake sa wa wuƙar yanka yadi, ta rungume shi tana ihu, wai tata ta dakushe tun kaka. Wata ɗan kwano mai maganaɗisu na tara fil. Wata zaren auduga kala-kala, wata 'yar fitilar da ake maƙalawa a jikin keke saboda ido ya fara rauni. Akwai wadda aka ba shimfiɗar ulu mai kauri ta guga, akwai wadda aka ba katin kantin yadi ta je ta zaɓa da kanta. Wadda ta fi kowa murna ita ce mai ƙunshin yankakkun yadi, kowane inci 18 a 22, an ɗaure da zare. Ni aka ba ni wuƙar yanka yadi mai taya, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, suka ce kafin ita kakanninsu da almakashi suke fama ƙyalle ɗaya bayan ɗaya.

Sai aka zo kan tawa. Maƙwabciyata ta warware takardar, ta yi shiru, ta shafa, hawaye suka zubo mata. Na ce a raina, yau dai sun ga kyauta. Ta rungume ni ta ce, “'Yata, wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya.” Ban gane nufinta ba sai da na ga ta jawo rula. Yadi shida, kowane yadi gida huɗu, ta bi kowa ta miƙa mata rabonta. Suna tafi, suna yi mini godiya ɗaya bayan ɗaya. Har ni aka ba yanki biyu. Na karɓa ina murmushi, na ce na gode, a kan kayana.

A kicin na yi kukana. Abban yara ya shigo ya ji labari, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, “To da me kike so ta yi da shi, ta ɗaura zani ta tafi coci?” Ban kula shi ba har washegari. Shi bai san Umma ta bi dangin nasa da ido ranar da aka buɗe akwatunan nan ba, bai ga yadda ta ɗaga wannan turmin ta nuna wa ƙannenta ba. Na sani sarai tsohuwar ba raini ta yi ba. A wajensu yadin da aka ajiye a akwati bai yi amfani ba sai an yanka. Amma ni a wajena akwatin mace sirrinta ne, shi ne abin fita kunya ranar biki ko suna, shi ne abin da za a ɗaga a sayar in rana ta ɓaci. Har gobe ina nan a kan cewa kyautar da ta dace na bayar.

Wani abin kuma, tun ranar suka mai da ni malama. Ina ake samu, nawa ne, me ya sa gaba da baya duk ɗaya? Na ba su labarin Kantin Kwari, na ce musu wannan a garin Helmond na ƙasar Holan aka buga shi, kamfanin Vlisco da ya faro tun 1846, amma mu muka san darajarsa. Ina magana ina jin kaina yana kumbura. Matan da suka shekara 40 suna yanka yadi, ga su sun yi tsit suna sauraren 'yar Kano.

Ban gaya wa Umma ba. Yaya na gaya wa, na ce ta rufa mini asiri, kafin la'asar saƙon muryar Umma ya shigo. “Ke, wai da gaske yankawa ta yi? Lafiyarta ƙalau kuwa?” Can kuma ta ce, tunda matar ta kula da jikanta, Allah ya saka mata, ni kuma Allah ya sa a mizani. Muryarta ta canza, ban sani ba ko mura ce ko gwiwar ce ta hana ta barci. Yaya ta ce yanzu a zaune take salla. Bikin autarmu bayan Babbar Salla ne, an riga an fitar da anko, takarduna kuma ba su fito ba, don haka a waya zan ga kamu da kai amarya. Ni ce ya kamata in zauna gaban akwatunanta ina ƙirga turame, ina ce wa Umma wannan a ajiye, wannan a ɗinka.

Na dai ce wa Yaya kafin wata Disambar ta sa telan layinmu ya tara mini ƙyallayen ankon bikin da duk wasu ragowar atamfa masu kyau, a cika leda a ba mai zuwa. Da ya ji Amurka za su, sai ya ce buhun ba na kyauta ba ne kuma. Yaya ta ce masa shekara nawa muna kawo maka ɗinki, ya ce ai dala za a sayar. Suna can suna ciniki, Umma ta ce a bar ta da shi, ita ta san uwarsa.