Hotuna biyu a shagon Baba

A shagon ɗinkin mahaifina da ke Fagge akwai hotuna biyu a bango, sama da ƙusar da yake rataye almakashi. Ɗaya na Malam Aminu Kano ne, tun zamanin NEPU yake nan, har gefensa ya yi ja. Ɗayan na Abubakar Rimi ne, Baba ya manna shi a 1979, shekarar da PRP, jam'iyyar Malam, ta ci Kano, Rimi ya zama gwamna. Ina ɗan shekara goma a lokacin, aikina in an taso daga makaranta shi ne hura gawayin dutsen guga da ɗinka botura.

Baba ɗan Sawaba ne na gidi, wato ɗan NEPU, tsohuwar jam'iyyar Malam. Ya sha bulalar 'yan doka yana saurayi saboda zuwa lacca, tabon na nan a bayansa har ya koma ga Allah. Shi ya sa da Rimi ya hau mulki ya soke haraji da jangali, Baba ya rufe shago tun la'asar ya sayo mana tsire. A wurinsa Malam ne ya yi shuka shekara talatin, ga yaronsa yana girbe wa talaka.

Shekara ɗaya ba ta cika ba rigima ta ɓarke. Rimi da Balarabe Musa na Kaduna suna zuwa taro da gwamnonin UPN da na GNPP, uwar jam'iyya ta ce su daina, suka ƙi. Su kuma suna zargin shugabannin jam'iyya da sassauta wa gwamnatin Shagari ta NPN. A 1980 aka ce an kore su, suka ja nasu ɓangaren da Michael Imoudu a gaba. Kano ta rabu biyu, Santsi na Rimi da Taɓo na Malam. Ban taɓa ganin Baba ya kashe rediyo ana tsakiyar labarai ba sai a waɗannan watannin. Sai ya murɗe ta, ya ci gaba da taka keke bai ce wa kowa uffan ba. Yanzu da na girma na san abin da ke cinsa: mutum biyu da ya ɗora a kai suna jifan juna a bainar jama'a, kuma duk dutsen da aka jefa a jikinsa yake sauka.

Yayana ya zama ɗan Santsi, irin masu kiran Rimi Limamin Canji har jijiyar wuya ta tashi. Wata rana muna cin tuwon dare ya ce Malam ya sayar da talakawa. Baba ya mayar da lomar da ya ɗauko cikin kwano. Ya ce, “Gobe ka je Gwammaja ka leƙa gidan Malam, ka dawo ka faɗa mini inda ya ajiye kuɗin cinikin.” Yaya ya ce, “Baba, ai ba haka nake nufi ba.” Ya ce, “To ka faɗi abin da kake nufi. Ka ce ya yi kuskure, mu yi musu har asuba. Amma kada ka sake ɗora masa abin da ba ka gani ba.”

Na ɗauka shi ke nan, Baba ya zaɓi ɓangare. Kuma ya zaɓa ɗin, don shi ɗan Taɓo ne, bai ɓoye ba, yana ganin Rimi ya yi gaggawa kuma ya ɗaga wa ubangidansa murya. Sai ga wani Alhaji abokinsa, shi ma ɗan Taɓo, ya kawo shadda. Ya dubi bango ya ce, “Malam, har yanzu ba ka cire hoton butulun nan ba? Me ya tsinana wa Kano?” Baba ya jawo wani tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin teburi, ya zazzage allurai da alli, ya fito da wata 'yar takarda da ta yi laushi don ninki. Rasit ɗin haraji ne. Ya ce, “Alhaji, wannan ne na ƙarshe da na biya. Wa ya hana ni biyan na gaba?” Alhaji ya ce ai manufar jam'iyya ce, Malam ne ya tsara. Baba ya ce, “Gaskiyarka. Amma hannun wa ke kan takardar?” Alhaji ya naɗe shaddarsa ya fita, bai sake kawo ɗinki ba.

Haka Baba ya yi ta asarar masu kawo aiki ta ko'ina. 'Yan Santsi na ce masa tsohon yayi, 'yan Taɓo na ce masa jemage. A ranar 10 ga Yuli 1981, da tarzoma ta tashi bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa, wani ya yi subul da baka a shago ya ce Allah ya ƙara. Baba ya nuna masa ƙofa. Da Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, Yaya ya fi kowa kuka a gidanmu, tare suka tafi Gwammaja da Baba. A zaɓen shekarar Rimi ya tsaya a NPP, Baba ya jefa wa Sabo Bakin Zuwo na PRP ƙuri'a, ya dawo shago, hoton Rimi na inda yake.

Na daɗe ina ba da wannan labari a majalisa da alfahari, kamar halin gado ne da ke bin jini. Sai da tawa jarrabawar ta zo. Ni mai jar hula ne tun 2011, kuma ina cikin waɗanda suka yi murna da Ganduje ya gaji Kwankwaso a 2015, mutumin da ya yi masa mataimaki har sau biyu. Da ɓarakar ta fito fili a 2016, bayan ta'aziyyar mahaifiyar Ganduje, na ji irin abin da Baba ya ji. Sai dai ni ban kashe rediyo ba, ƙara murya na yi. Duk abin da aka faɗa a kan ɓangaren can na karɓa ba tambaya, wanda aka faɗa a kan namu kuwa sai an kawo mini shaida huɗu. Ko da Ganduje ya ce a Abuja a 2023 da sun haɗu da ya mari Kwankwaso, kwana uku ina maimaita maganar, alhali rusau ɗin gine-gine da sabuwar gwamnatinmu ta yi a Kano, wanda shi ya jawo ta, ban yarda an tattauna shi a gabana ba.

Kwanakin baya na ɗauko ƙaramin ɗana a mota, muka hau gadar Kofar Nassarawa. Ya tambayi wa ya gina ta, na ce Kwankwaso, har da ƙarin bayani kan ɗaliban da ya tura karatu waje. Muka miƙa titin Zariya muka iso Dangi. Ya leƙa ta taga ya ce, “Abba, wannan fa?” Na ji bakina ya ce, “Gwamnati.”

Sai da muka wuce gadar, muka tsaya a danja, na ce masa Ganduje ne. Lokacin har ya koma kan wasan da yake yi a wayata, ban tabbata ya ji ba.