Kilishin Kawu da kashi 18 cikin 100

Ranar Juma'ar da ta wuce, ina fitowa daga masallaci wayata ta yi ƙara. Kawu ne. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Kai da ka yi karatun lafiya, gaya mini tsakani da Allah, wai kilishi yana sa cutar daji kamar taba sigari?" Wani ne ya tura saƙon murya mai cewa haka a zauren WhatsApp na unguwarsu, har masu saye biyu sun yi masa maganar. Kawu ya fi shekara talatin yana fere nama, ya shanya, ya tsoma a labu, ya gasa. Da wannan sana'a ya aurar da 'ya'ya, da ita ya biya mini kuɗin jarrabawa. Na ce, "Kawu, ka bari in zo da yamma."

Saƙon ba ƙarya ba ne zalla, shi ya sa ya fi ƙarya wuyar sha'ani. A watan Oktoba na 2015, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta tara masana 22 suka duba bincike sama da 800. Suka sanya naman da aka sarrafa, wato wanda aka yi wa gishiri ko aka ƙyafe ko aka adana ta wata hanya, a rukuni na ɗaya, na abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, inda taba take. Busasshen nama na cikin misalan da suka bayar. Suka ce duk giram 50 da mutum ke ci a kowace rana yana ƙara haɗarin sankarar hanji da kashi 18 cikin 100.

To, kashi 18 na mene ne? Wannan tambayar ce mai saƙon muryar bai yi ba. A Ingila, kusan mutum 6 cikin 100 ne ke kamuwa da sankarar hanji a tsawon rayuwarsu. Ƙara kashi 18 cikin 100 na wannan shidan a kansu, sai su zama kusan 7. Mutum ɗaya ya ƙaru cikin ɗari, kuma cikin masu ci kullum ta Allah har ƙarshen rayuwa. Wa ke cin kilishi kullum da tsadar nan? Ni dai sai baƙo ya zo, ko zan yi tsaraba.

Taba kuwa tata daban ce. Mai shan sigari ya ninka wanda ba ya sha haɗarin sankarar huhu sau 15 zuwa 30. Tun 1950 masanan Ingila biyu, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka nuna wannan alaƙa a asibitocin Landan, kuma Doll kansa ya yar da taba tun binciken bai ƙare ba. Alƙaluman da hukumar ta kawo ma sun raba gardama: kusan mutum 34,000 a shekara a duk duniya ake danganta mutuwarsu da yawan cin naman da aka sarrafa, taba kuma kusan miliyan ɗaya ta hanyar cutar daji kaɗai. Rukuni na ɗaya yana nufin hujjar ta yi ƙarfi ne, ba wai ɓarnar ta zo daidai ba. Kunama da kububuwa duk an tabbatar suna da dafi, amma ba wanda zai ce jinyarsu ɗaya.

Wannan ruɗanin nake fama da shi a aji. Ɗalibaina na kiwon lafiyar al'umma, idan suka kawo aikin kammala karatu, idonsu na kan abu ɗaya: lambar p, wadda lissafin ƙididdiga ke fitarwa idan an gwada alaƙa tsakanin abu biyu. Da ta sauka ƙasa da 0.05 sai murna, kamar an ga watan Sallah. Idan ta haura, sai fuska ta ɓaci, wani har ya tambaye ni ko a ƙara 'yan takardun tambaya a gani. Ina gaya musu abin da lambar ke faɗa bai taka kara ya karya ba. Cewa take: da a ce babu wata alaƙa ko kaɗan, sau nawa katari kawai zai ba ka sakamako irin wannan ko wanda ya fi shi? Ƙasa da 0.05 na nufin ƙasa da sau ɗaya cikin ashirin. Shi ke nan. Ba ta faɗi girman alaƙar ba, ba ta ce wannan ne ya jawo wancan ba. Idan mutanen da aka bincika sun kai dubu ɗari, bambancin da bai kai ƙwayar gero ba ma zai tsallake layin 0.05. Idan arba'in ne, babban abu yana iya wucewa ba a gan shi ba.

Layin kansa ba saukakke ba ne. Masanin ƙididdiga Ronald Fisher ne ya yaɗa shi a littafinsa na 1925, don ya ga yana da sauƙin aiki. Abin dariya, shi wannan Fisher mashayin lofe ne, kuma har ya bar duniya yana musun cewa an tabbatar taba ke kawo sankarar huhu. A 2016 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka sai da ta fitar da sanarwa tana jan kunne a kan yadda ake ɗora wa lambar p kayan da ba nata ba.

Labarin da na fi so in ba ɗalibai shi ne na gwajin asfirin da aka buga a 1988, a kan mutum 17,187 da ake zaton sun samu bugun zuciya. Asfirin ya rage mace-mace ƙwarai. Aka matsa wa masu binciken su rarraba majinyata rukuni-rukuni a ga wa ya fi amfana. Sai suka haɗa da rarrabawa bisa burujin haihuwa, da gangan. Sakamako ya nuna wai waɗanda aka haifa a burujin Jauza da Mizani asfirin bai amfane su ba. Ba tauraron da ya yi wannan aiki. In ka yanka bayanai gida goma sha biyu, da wuya a rasa gidan da zai ba ka abin mamaki. Ɗalibin da ya gwada abu ashirin a kan zazzabin cizon sauro ya samu ɗaya "ya fito", haka lissafi ya yi masa alkawari tun farko ko da babu komai.

Da yamma na tarar da Kawu a rumfa, yana juya nama a kan wuta. Ban ambaci p ba. Na ɗebi gyaɗa ɗari na zuba a faranti, na ware shida, sannan na ƙara ɗaya. Na kuma gaya masa gaskiyar da ba zai so ji ba, cewa ɗayan nan mutum ne, yana da iyali, kuma wanda ya mai da kilishi ko tsire abincin kullum gara ya sassauta. Ya daɗe yana kallon farantin.

"To ita tabar fa, nawa za ka ware?"

Na ce, "Kawu, in sankarar huhu ce, a masu sha sosai, sai in ware fiye da goma, a marasa sha kuwa da ƙyar ɗaya ta cika."

Ya waiga ya kalli yaron shagonsa, wanda kwalin sigari ke leƙowa daga aljihunsa. Yaron ya sunkuyar da kai. Kawu ya naɗe mini kilishi a takarda, ya ce in kai wa yara, kuma in yi saƙon murya da kaina ya tura a zauren, amma kada ya wuce minti biyu, don mutanen unguwar ba sa sauraron dogon zance.