Kwanakin farko a Istanbul: fara da layin T1

Wanda ya sauka Istanbul, hutu ya kawo shi ko zama, kada ya yi gaggawar ganin komai a rana ɗaya. Garin tudu da gangare ne, ƙafa ce ke shan wahala. Abin da ya fi amfani shi ne ya san layin T1, jirgin da ke bin tsakiyar titi daga Kabataş zuwa Bağcılar, domin mafi yawan wuraren tarihi a bakin hanyarsa suke. Ka sayi katin Istanbulkart a injin tasha, ka zuba masa kuɗi. Da shi ake shiga jirgin ƙasa, bas da jirgin ruwa.

Ka sauka a tashar Sultanahmet da sassafe, kafin layin masu shiga wuraren tarihi ya yi tsawo. Ga Ayasofya nan, wadda aka kammala a shekarar 537 a matsayin coci, ta koma masallaci bayan Sarki Muhammad Alfatih ya ci garin a 1453, ta zama gidan tarihi, sannan aka mayar da ita masallaci a 2020. Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida yana fuskantarta. Ranar Juma'a da safe masallatan ba na masu yawon buɗe ido ba ne sai an idar da salla, mace kuma ta riƙo mayafi. Ka ɗaga kai ka kalli ƙubbar Ayasofya da tagogin da suka zagaye gindinta, za ka gane dalilin da ya sa ake cewa tana shawagi.

Inda baƙi suka fi yin asarar rana shi ne rashin sanin ranakun rufewa. Fadar Topkapı, tsohuwar fadar sarakunan Daular Usmaniyya, ba ta buɗewa ranar Talata, babbar kasuwar Kapalıçarşı kuma ranar Lahadi.

Da la'asar ka sauka a tashar Eminönü ka hau jirgin ruwa zuwa Üsküdar ko Kadıköy. Cikin kamar minti ashirin ka bar Turai ka shiga Asiya, da kuɗin sufuri na gari kawai.

Idan mai goge takalmi ya yar da burushinsa a gabanka, ka wuce abinka, dabara ce ta karɓar kuɗi. Mai niyyar zama kuma ya sani: wayar da aka shigo da ita daga waje tana daina aiki da layin Turkiyya bayan kwana 120 muddin ba a yi mata rajista ba.