Wasannin RPG da na buga a Game Boy Advance, da wanda ya fi cin kuɗinsa

Duk wanda ya tambaye ni wasan RPG da ya fi kowanne a Game Boy Advance, ƙaramar na'urar wasa da ake riƙewa a hannu, amsata Fire Emblem ne, wanda ya fito a 2003. Na san 'yan Pokémon za su taso ni gaba, masu Golden Sun kuma su ce ban san kyan zane ba. To, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma hukuncina yana da tushe, kuma tushen shi ne yadda muka riƙe na'urar nan a Zariya, da batir na tsiya, da wutar da ake ɗaukewa, da kaset ɗin da ba ka da tabbacin na gaske ne.

Ga wanda bai saba ba, RPG wasa ne da kake shiga rigar jarumi, ka ja tawaga, ka bi labari mai tsawo, mutanenka suna ƙara ƙarfi da ƙwarewa bayan kowane faɗa. Yawancinsu bi da bi ake yin faɗan, ka ba da umarni, abokin gaba ya rama. Saurin yatsa ba ya amfanar ka a nan kamar a wasan ƙwallo ko na dambe da ake bugawa a shagunan gem na Sabon Gari. Haƙuri ake so, da karatun Turanci mai yawa.

Kamfanin Nintendo ya fito da Game Boy Advance a 2001. Tawa ta hannu ce, Yaya ne ya bar mini ita lokacin da ya koma zama a hostal a Samaru. Batir biyu take ci, irin na ƙaramar rediyo, kuma kamfanin ya ce suna kai awa 15. Da batir mai kyau ke nan. Na teburin mai shago, wanda kuɗin tara ke iya saye, kafin ka gama wani dogon faɗa ƙaramar fitilar gefe ta koma ja. Sannan fuskarta ba ta da haske ko kaɗan, sai an haska ta daga waje. Da rana a inuwar darbejiya komai garau. Bayan magariba kuwa, in babu wuta, sai dai ka kara ta kusa da fitilar ƙwai kana karkata ta hagu da dama, Mama tana cewa, "Kai, za ka kashe idonka a kan wannan abin." Sai a 2003 aka fito da samfurin SP, mai ninkewa, mai haske a jiki da batirin caji, amma ni ta daɗe ba ta zo hannuna ba.

Abu na farko da na koya ke nan: kafin ka tambayi labarin wasa ko kyan zanensa, tambayi yadda yake ajiye maka inda ka tsaya. A nan Fire Emblem ya yi wa saura fintinƙau. Duk motsin da ka yi a fagen yaƙi, wasan yana rubuta shi da kansa. Batir ya mutu a tsakiyar artabu, ka sa sabo, ka dawo daidai inda kake. Wannan alherin yana tafe da sharrinsa, domin ba za ka kashe na'urar don guje wa bugun da ke shirin kashe sojanka ba. Ka kunna, bugun yana nan yana jiran ka.

Kuma a wasan nan wanda ya mutu ya mutu. Kamfanin Intelligent Systems ne ya yi shi, shi ne na farko a jerin da aka fitar wajen Japan, kuma jagororinsa uku ne: Lyn, 'yar makiyayan filayen Sacae, da Eliwood, da Hector mai gatari. In ɗayansu ya faɗi, wasa ya ƙare. Sauran mayaƙan kuwa, da zarar an wuce kashin koyo na labarin Lyn, duk wanda ya faɗi ya tafi ke nan har ƙarshen labari, da hirarrakinsa da duk wahalar da ka sha wajen rainonsa. Zaɓinka biyu ne, ka ci gaba babu shi, ko ka sake babin tun daga farko, aikin da kan ci awa guda da rabin batirinka.

Dokar faɗan ba ta da wuyar haddacewa. Takobi yana rinjayar gatari, gatari yana rinjayar mashi, mashi yana rinjayar takobi. Kibiya kuma ita ce ajalin duk mai tashi sama, don haka Florina da dokinta mai fuka-fuki ba a kai su kusa da maharbi. Makamai suna ƙarewa: takobin ƙarfe na talaka sara 46 yake yi ya karye, saboda haka kuɗin rundunar ma sai ka yi tattalinsu. Wanda ya taɓa zama gefen dattawa masu dara zai gane yanayin, domin kafin ka ɗaga ɗa guda sai ka hango inda za a ci ka bayan motsi biyu. Akwai kuma tarkon Marcus, tsohon barde da ake ba ka tun farkon labarin Eliwood. Yana da ƙarfi har ya iya share fage shi kaɗai, amma ɗan abin da yake ƙaruwa da shi a kowane kisa bai taka kara ya karya ba, yaran da ya kamata su samu horon kuma suna baya suna kallo. Abin da ya yi mini aiki shi ne in sa shi ya tare hanya ya raunata abokan gaba, ƙananan su ƙarasa. Wasu gwanayen wasan sun ce wannan tsoron ya yi yawa, a saki Marcus ya yi aikinsa, musamman a mataki mai wuya. Suna da hujja, amma a bugun farko ni dai rainon yaran ya fi mini daɗi.

Golden Sun shi ne na biyu a wajena, kuma in kyan gani ake magana shi ne na ɗaya. Camelot ne suka yi shi a 2001. Kana jan Isaac da Garet da Ivan da Mia, kuna bin wasu mutane da suka sace duwatsun da za su kunna hasumiyoyin haske. Abin da ya raba shi da saura shi ne ƙarfin da ake kira Psynergy ba a faɗa kaɗai yake aiki ba. Da shi za ka ture ginshiƙi, ka daskarar da kududdufi ya zama tudun takawa, ka tsirar da kurangar hawa, har ka karanta zuciyar mutanen gari. Akwai hamadar Lamakan, inda zafi ke taruwa a jikin tawagarka sai ka gano ɓoyayyen tafki ka shiga. A watan Afrilu na ratsa ta, rufin kwano yana ƙuna a kaina, don haka ban buƙaci wani bayani ba.

Sai ƙananan halittun nan da wasan ke kira Djinn, guda 28 a kashi na farko. In suna maƙale da jarumi suna ƙara masa ƙarfi, har su canza masa irin dabarun da yake da su. In ka sake su a faɗa, ƙarfin ya ragu, amma sai ka samu damar kiran babban hari da su. Kullum kana cikin lissafin riƙewa ko saki. Aibinsa biyu ne. Mutanen wasan suna da surutu, magana guda sai a juya ta sau da yawa kana danna maɓallin A har yatsa ya gaji, ko da yake a nan na tsinci Turancin da ya fi na aji zama a kaina. Na biyu, in mutum biyu suka nufi dodo ɗaya, na farko ya kashe shi, na biyun sai ya tsaya kare kansa maimakon ya juya kan wani. Labarin kuma a tsakiya yake yankewa. Ci gabansa yana cikin The Lost Age, wanda ya fito a Japan a 2002, sauran duniya a 2003, inda kake komawa ɓangaren Felix, wanda ka sha bi a matsayin abokin gaba. Don ka kwashe duk kayanka zuwa kashi na biyu, ko dai ka samu na'ura biyu da wayar haɗi, ko ka kwafi kalmar sirri mai haruffa 260. A bayan littafin lissafi na kwafe ta, ƙanina yana karanto mini ina shigarwa.

Pokémon fa? Ba na raina shi. Game Freak sun fara shi a 1996 da halittu 151, zuwa zamanin Ruby da Sapphire da Emerald sun kai 386. Sai dai daɗinsa na jama'a ne. Kadabra da Machoke da Graveler ba sa kai siffarsu ta ƙarshe sai an yi musayarsu da wani ta wayar haɗi, mu kuwa a unguwarmu ta Tudun Wada masu na'urar ba su da yawa, wayar ma sai an yi aronta daga wani yaro a Kongo. In kai kaɗai ne, rabin wasan ka saya. A cikinsu Emerald na fi so saboda Battle Frontier, filin gasar faɗa da ke cikin wasan, inda ake daidaita matakin halittu, dabara ce kawai za ta fisshe ka. Gold da Silver na Game Boy Color, na 1999, su ma suna shiga Advance, kuma har yau ban ga kyautar da ta kai wadda suka yi ba, ka gama yankin Johto ka ɗauka an rufe, sai a buɗe maka Kanto gaba ɗaya, bajoji su zama 16. Amma agogon da ke cikin kaset ɗinsu yana shanye ƙaramin batirin da ke riƙe ajiya, don haka wanda ya sayi tsoho yau, ya sa an canza batirin kafin ya fara.

Maganar kaset ta fi komai muhimmanci ga mai RPG. Wasan tsere in ajiya ta goge ba ka yi asarar komai ba, amma a nan aikin makonni ne. Jabu sun cika kasuwa a lokacin. Na taɓa tambayar wani mai shago, "Oga, wannan yana sebin kuwa?" Ya ce, "Ƙanina, orijinal ne, ka je ka gwada." Ya yi sebin na ɗan lokaci, wata safiya ya tashi fayau kamar ba a taɓa buga shi ba. Daga nan na koyi dubawa. Na gaske, in ka leƙa ta bakin kaset ɗin saman haƙoran zinariyar, za ka ga an buga sunan Nintendo a jikin allon, sannan akwai ƙananan lambobi da aka danna a jikin takardar gaba, sai ka karkata ta a haske za ka gan su. Ruby ja ne mai nuna ciki, Emerald kore, in ka ga ɗayansu a toka-toka ka ajiye shi. Masu wasa ɗari a kaset guda kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka fara doguwar tafiya a kansu.

Final Fantasy Tactics Advance na 2003 ana yabonsa sosai, ni kuwa rabi da rabi nake. Labarinsa ya tsaya mini a rai: Marche yana son rushe duniyar mafarki ya koma gida, alhali ƙaninsa Doned, wanda a gida a keken guragu yake, a can yana tafiya da ƙafafunsa. Amma alƙalan da ke tsayawa a kowane faɗa, yau su hana takobi, gobe su hana wuta, su ɗaga maka katin gargaɗi ko jan kati a tura mutuminka kurkuku, sun gajiyar da ni kafin in yi nisa a ayyukansa 300. Mario & Luigi: Superstar Saga, shi ma na 2003, ya fi shi sauƙin kai da ban dariya, A na Mario, B na Luigi, kana kauce wa duka da hannunka. Shi kaɗai ne a cikinsu yake neman idonka a kowane daƙiƙa, saboda haka a dishi-dishin fitila ba ya buguwa.

Yanzu yawancin masu tambayata a waya suke bugawa, da manhajar kwaikwayon na'urar. Ga haske, ga caji, ba ruwansu da mai shago. Manhajar tana ba ka damar ajiye wasa a kowane numfashi ka koma baya in abu ya ɓaci, da maɓallin gudu mai ninka sauri. A Golden Sun ina danna maɓallin gudun nan ba kunya in surutu ya yi yawa. A Fire Emblem kuwa ba na taɓa komawa baya, kuma haka na ce wa ɗan yayata da ya fara shi a hutun da ya wuce. Ya kai babin da maharba suka yi yawa, ya rasa Florina, ya kira ni yana tambaya, "Kawu, in sake ko in wuce?" Na ce masa ya duba ko yana da wani mai tashi sama a rundunar tukuna, domin yayarta Fiora da ke fitowa a gaba, Florina ce ke yi mata magana ta shigo rundunar.