Tarihin Birtaniya daga bakin tsofaffin Barnsley

Mai neman takardar zama ta dindindin a Birtaniya sai ya ci jarrabawa mai tambayoyi 24 cikin minti 45, a samu aƙalla 18 daidai, kuma tarihi na da kaso mai tsoka a cikinta. Da lokacina ya zo, ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi kusa da Barnsley, a Yorkshire. Na yi ta haddar shekaru kamar karatun allo, amma ba su zauna mini ba sai da na fara tambayar mutanen da nake yi wa wanka ina ba su abinci, don su ne suka ga abin da idonsu.

Wata gwaggo da ta haura casa'in ta ce a yarintarta uwarta na ajiye 'yan kwabbai a gwangwani saboda ranar da za a kira likita. Ranar 5 ga Yuli 1948 aka buɗe NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta ƙasa, ganin likita ya zama kyauta ga kowa. Gwamnatin Clement Attlee ce ta yi, wadda ta kayar da firaminista Winston Churchill a zaɓen 1945 duk da nasarar da ya jagoranta a yaƙin duniya na biyu. Ministan lafiyar kuwa, Aneurin Bevan, ɗan mahaƙin kwal ne daga Wales, shi ma ya shiga rami tun yana yaro. Gwaggon nan ce kuma ta ba ni labarin canjin kuɗi na 1971, da aka daina sule ashirin a fam. Na ce mata kakata ma da fam da sule da sisi ta yi cefane a Kano kafin zuwan naira a 1973. Ranar mun sha hira.

Wanda ya fi daɗe mini a rai wani dattijo ne, tsohon mahaƙi. A bayan hannunsa akwai tabo shuɗi-shuɗi, inda ƙurar kwal ta shiga rauni fata ta rufe a kai. Littafin jarrabawa zai gaya maka Margaret Thatcher ce mace ta farko da ta zama firaminista, daga 1979 zuwa 1990. Shi ko sunanta ba ya son ji. A Maris 1984, a zamanin mulkinta, aka sanar da shirin rufe ramukan kwal 20, ciki har da Cortonwood da ke nan kusa, ƙungiyar mahaƙa ƙarƙashin Arthur Scargill ta tsunduma yajin aiki na shekara guda cur. Babu albashi, ga hunturu. Mata suka haɗa tukunya ɗaya suna ciyar da unguwa. A wata masana'antar sarrafa kwal da ke Orgreave, watan Yuni, 'yan sanda bisa dawakai suka afka wa masu yajin. Ƙanin dattijon nan yunwa ta ci ƙarfinsa ya koma aiki kafin a janye, kuma har ya rasu ba su sake gaisawa ba. Daga nan na koyi cewa ba kowa ake yi wa tambayar yajin nan kai tsaye ba. Sai ka bari shi ya ɗauko zancen.

A ganina, ko da kwal ya daina riba, rufe wa gari hanyar abinci ba tare da an tanadar masa wata ba zalunci ne. Kellingley, rami mai zurfi na ƙarshe a ƙasar, an rufe shi a 2015. Shekara guda bayan haka aka yi ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai: a faɗin ƙasa kashi 52 ne suka ce a fita, a Barnsley kuwa kusan kashi 68. Na san cewa ƙin baƙi irina na cikin dalilan wasu, kuma abin na yi mini ciwo. Amma bayan na zauna da mutanen da suka yi shekara talatin suna jin an manta da su, na daina mamakin wannan ƙuri'ar.